Kilomita Tara Na Laka

Litinin, daga gona

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Anti da yara, da fatan gwiwar nan taka ta yi sauƙi.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a aljihun gaban mota. Na gaji ne. Tun da ƙarar injin tirela ta cinye maka kunne ba a yi maka magana sai da ihu, ni kuma ba zan tsaya a ƙofar asibiti ina ihu a kan maganar Inna ba, alhali tana zaune a kujerar gaba tana jin mu. Waya kuwa ka san yadda muke ƙarewa, kai kana ta "iye, iye", ni ina kashewa da haushi. Saboda haka duk Litinin da Alhamis, in na kawo ta wankin ƙoda na miƙa maka makulli, ka duba aljihun. Awa huɗu take yi a kan na'ura, sun ishe ka ka karanta ka ba ni amsa.

Maganar tayoyin a-kori-kurar nan taka ce. Sun suɗe, Yaya, sun zama kamar tafin hannuna. Ruwa uku kacal aka yi, amma ranar Alhamis sai da na kafe a kwarin nan na bayan kwalbati, inda jar ƙasa take zama kamar man shafawa. Na ba motar wuta, tayoyin baya suna ta juyi a wuri ɗaya suna feshi. Allah ya kawo masu buga bulo su huɗu suka tura ni, na fito da laka har gira. Mun iso da lattin minti arba'in, nas ɗin ta dube ni sama da ƙasa ta kawar da kai, ban san inda zan sa kaina ba.

Ban manta da sharaɗinka ba, don ka maimaita shi ya fi sau goma: ranar da hanya ta sa Inna ta rasa wanki ko sau ɗaya ne, ka ɗauke ta ke nan, ta koma gidanka a gari. Na yarda da shi a gabanta. Amma ka san ba ta son barin ɗakinta. Jiya ma tana zaune a bakin ƙofa tana yi wa kajina faɗa, sai ta juyo ta ce, "Auta, shekara hamsin ina kwana a ɗakin nan. Ki yi ƙoƙari kar a raba ni da shi." Na ce mata ba mai raba ta da shi in dai ina numfashi.

Ina son tayar laka, mai manyan haƙora, guda huɗu. Motar taka ce, kai kake kula da lafiyarta, shi ya sa ban yi gaban kaina ba. Amma ka hanzarta, damina yanzu ta fara.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Auta

*

Litinin da hantsi, a garejin bayan asibiti

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta kaji, ina sanar da ke cewa takardarki ta same ni, na kuma karanta ta sau biyu. Maganar kunne na bar ki da Allah.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina riƙe da sitiyari, ban taɓa kwantar da mota ba, saboda haka ki natsu ki fahimce ni. Daga gona zuwa asibiti kilomita sittin da tara ne, ni na auna da kaina. Tara ne kawai laka, sittin kwalta ce. Ke taran kike kallo, ni sittin ɗin nake kallo. Tayar laka ba ta da amana a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Haƙoranta manya ne, tsakaninsu fili ne, abin da ke taɓa titi kaɗan ne. Ki taka birki a gangaren nan na kusa da kasuwar katako ana ruwa, ki ga inda za ki je ki tsaya. Na taɓa riskar wata mota irin wannan da ta zame ta shige ƙarƙashin tanka, da hannuna na taya aka fito da mutanen ciki. Ba zan rubuta miki yadda na same su ba. In kin kafe a laka, latti kika yi. In kin zame a kwalta da Inna a gefenki, Allah ya kiyaye.

Ban da haka tana ƙugi, tana shan mai, tana kuma cinyewa da wuri.

Shawarata ita ce ta tsaka-tsaki, wadda take iya ɗan taɓa laka ta kuma riƙe kwalta. Sauran aikin na hannun direba ne. Na lura da fushi kike ba mota wuta. A laka giya ta biyu ake sawa, a tafi a hankali, ba a tsayawa, ba a murɗa sitiyari da ƙarfi.

Ɗakin da na gyara wa Inna yana nan, an yi masa fenti, tafiyar minti goma ce zuwa asibiti. Ban faɗi haka don in tsokane ki ba.

Na canza miki baƙin mai. Wassalam.
Yayanki

*

Alhamis, a kan bencin asibiti

Yaya,

Sallama, da gaisuwa a taƙaice.

Ƙugi? Yau kai ne mai ƙorafin ƙugin taya? Kai da tukunyar gas ta fashe a maƙwabta ka ce wa Anti ta duba wa ke buga ƙofa? Haba Yaya.

Ranar Talata da na kawo ƙwai gari na biya layin masu taya. Mai shagon ya jera mini guda uku, ta kwalta, da ta tsaka-tsakin nan taka, da ta laka. Na tura yatsana tsakanin haƙoran ta tsaka-tsaki, ko gaɓa ɗaya bai shige ba. Ka san jar ƙasar kwarin nan. Juyi biyu za ta yi ta cike wannan ɗan tsagin, tayar ta koma sulɓi kamar wadda nake fama da ita yanzu. Ta laka kuwa yatsana ya shige har gaɓa biyu, mai shagon ya ce in tana juyawa da kanta take tofar da lakar. Na tambaye shi maganar birki, bai ɓoye mini ba, ya ce gaskiyarka ce, sai an rage gudu. To zan rage. Wa ya ce maka tsere nake yi da tsohuwa mai ciwon ƙoda a gefena?

Giya ta biyun da kake faɗa na sa ta yau da safe. Na tafi a hankali kamar yadda ka ce, na kuma kafe a hankali. Masu bulo sun fara gajiya da ni, ɗayansu da ya hango motar sai ya juya baya ya kama waƙa. Inna kuwa ta riƙe ƙofar da hannu biyu.

Shekara talatin da ɗayan nan taka a kan kwalta ka yi su. Ni ce nake ratsa lakar nan safe da yamma, kai rabonka da hanyar gona tun rani.

Zan faɗi abin da ke raina, in ka ga dama ka yi fushi. Gani nake ba taya kake zaɓa ba, jira kake hanya ta kayar da ni ka samu hujjar cika ɗakinka mai sabon fenti. In ba haka ba ne, ka nuna mini.

Sai na ji daga gare ka.
Auta

*

Alhamis da azahar

Zuwa ga Auta,

Wa'alaikumus salam. Ina fata kin huce.

Maganarki ta ƙarshe ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Uwata ce kamar yadda take uwarki, na ma riga ki saninta da shekara goma sha shida.

Ki dubi motar in kin fito. Na sa mata tayar laka guda huɗu. Ba masu faɗin nan da samari ke sawa don a kalle su ba. Siriri na zaɓa, wadda za ta huda lakar ta taɓo ƙasa mai ƙarfi, maimakon ta yi ta iyo a sama. Sai da na sa mai shagon ya sauko da guda bakwai kafin na samu huɗun da ba su daɗe a ajiye ba. Shi ya ɗaura su da kansa. Ya so ya yi mini dogon bayani a kansu, na ce ya riƙe kayansa, tun kafin a haife shi nake canza taya.

Ga abin da nake so ki kiyaye, kuma ba shawara ba ce. A kwalta kada allura ta wuce saba'in, in ana ruwa hamsin. Ki ba motar gabanki tazara ninki biyu na yadda kika saba. In kin zo bakin laka ki rage musu iska kaɗan, in kin hau kwalta ki mayar. Na ajiye miki famfo da gejin auna iska a bayan kujera. Na san za ki ce ɓata lokaci ne, to ki riƙa fitowa da wuri.

Kula da su kuma aikina ne kamar kullum. Kada ki bari kowa ya taɓa su.

Allah ya tsare hanya.
Yayanki

*

Litinin, bayan mako uku

Yayana,

Assalamu alaikum, da gaisuwa mai yawa, wannan karon har zuci.

Wanki shida ke nan ban kafe ba ko sau ɗaya. Masu bulo sun koma ɗaga mini hannu. Gaskiyarka dai, suna ƙugi, in na hau kwalta har haƙorana nake ji suna kaɗawa, ga wannan tsuguno da famfo a bakin titi mutane suna wucewa suna kallona. Amma Inna ta ce ƙugin barci yake sa ta, yanzu kafin mu kai kasuwar katako ta yi nisa. Jiya har ta sa na ƙara mata ƙusa a bango ta rataye sabon labule.

Na janye rabin maganar da na faɗa maka. Sauran rabin ina riƙe da shi sai ƙarshen damina.

Ga ƙwai kiret biyu a baya, na Anti ne, ba naka ba.

Ƙanwarka, Auta

*

Asabar, a ɗakin da aka kwantar da Inna

Yaya,

Sallama, don ta wajaba. Ba ni da wata gaisuwa yau.

Kwana biyu ke nan kana tambayata da ido me ya faru ranar Alhamis, ina kawar da kai, don in na buɗe baki a ɗakin nan sai an fitar da ni. To ga shi a rubuce.

Ƙarfe shida da rabi muka shiga kwarin, bayan ruwan da aka kwana ana yi. Na rage iska, na sa giya ta biyu, na yi duk abin da ka ce. Muna tsakiya motar ta zauna. Na sauka na duba, tayoyin sun cika da laka sun yi sumul, ko alamar haƙori ba a gani. Na kankare da sanda, na ba ta wuta, juyi ɗaya suka sake cika. Babu masu bulo, ruwa ya hana su fitowa. Babu sabis ɗin waya a kwarin. Na yi tono da shebur har ƙotar ta karye, na koma yi da hannu. Na cusa katako, na cusa duwatsu, har tabarmar ƙafa na cire na cusa. Awa bakwai, Yaya. Ba zan iya barin Inna ita kaɗai in tafi neman taimako ba, ba zan iya goya ta kilomita biyar ba.

Sai wajen ɗaya da rabi wani mai tarakta ya biyo. Da ya ja mu ya fitar, ya tsuguna ya goge gefen tayar da hannu, ya ce, "Baiwar Allah, wa ya ɗaura miki waɗannan?" Ya nuna mini wata kibiya a jikin robar. Ya ce irin wannan tayar hanya ɗaya take juyawa, kamar ta taraktarsa. In kibiyar ta kalli gaba, tana tofar da laka. In ta kalli baya, tattara ta take yi. Muka zagaya motar tare, duk huɗun baya suke kallo.

Sauran ka sani. Mun iso na'urori sun cika, aka ce sai Asabar, kafin Juma'a da yamma ƙafafunta sun kumbura numfashi ya gagara. Yanzu ga ta nan da roba a hanci.

Mako uku tayoyin nan suna aiki lafiya. Ranar Litinin na ba ka makulli. Ka ce kada in bari kowa ya taɓa su, ban kuwa bari ba. Ina so ka gaya mini wa ya juya su, kuma don me. Ba na son in yi maka zaton da nake yi, amma ya ƙi fita daga raina.

Na bar maka motar, zan koma gona a ta haya, kaji kwana biyu ba mai duba su.
Auta

*

Litinin

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Na fara takardar nan sau uku ina yagewa.

Ni ne.

Duk motar da na taɓa riƙewa, in sababbin tayoyi sun kusa wata guda nakan sauya musu wuri, ta gaban hagu ta koma bayan dama, ta gaban dama ta koma bayan hagu, na baya su ma su ƙetara su dawo gaba, don su ci daidai. Haka maigidana ya koya mini, haka na yi shekara talatin da ɗaya, ban taɓa ganin illarsa ba. Ranar Litinin ɗin na kai motar wurin mai faci. Yana cikin kwance noti ya ɗago yana nuna mini gefen tayar, bakinsa yana motsi. Ban ji abin da ya ce ba, ban kuma tambaya ba. Na ɗauka ƙyuya ce, na daka masa tsawa na ce ya yi abin da na sa shi. Jiya na koma wurinsa, ya ce kibiyar yake nuna mini. Ita ce kuma mai shagon ya so ya yi mini bayani na hana shi.

Wallahi tallahi ban yi da gangan ba. Amma ba ni da bakin da zan ce kada ki zarge ni. An mayar da su daidai, ina tsaye, na sa yatsa a kan kowace kibiya.

Sharaɗina na janye shi. Ba hanya ce ta kayar da ke ba, ni ne.

Da safe na shiga wurin Inna na faɗa mata komai, kuma da yake ban san ƙarfin muryata ba, duk ɗakin sun ji, har mai shara ta tsaya. Na ce mata da an sallame ta Auta za ta mayar da ita ɗakinta, ni ma zan riƙa zuwa ina kwana a gona duk daren wanki. Ta yi magana ban ji ba. Sai ta kamo kunnena ta jawo shi bakinta, kamar ina yaro. Ga abin da ta ce, ban ƙara ba ban rage ba:

"Ba zan koma ba. Awa bakwai ina kallon 'yata ta madubi tana tonon laka da hannu, yatsunta suna jini, in ta ɗago sai ta yi mini murmushi don kar in tsorata. Ko tayar ƙarfe kuka sa, ba zan sake zama a kujerar nan in kalli wannan ba."

Na roƙe ta, Auta. Ni da na yi wata uku ina neman ta dawo gidana, yau ni ne na durƙusa da wannan gwiwar ina roƙonta ta koma nata. Ta rufe ido ta juya mini baya.

Ke tana jin maganarki. Ki zo ki gwada. Ki kuma yafe mini in kin samu iko.

Yayanki

*

Alhamis

Yaya,

Wa'alaikas salam.

Na gwada. Ta bar ni na gama tsaf, har da kukana, sannan ta ce in kawo mata bargonta mai ruwan ƙasa, da tabarau, da akwatin da ke ƙarƙashin gado.

Jiya an yi ruwan da ya fi na ran nan. Na shiga kwarin, motar ta haye ko tangaɗi ba ta yi ba. Tayoyin suna da kyau, ka iya zaɓe. Da na isa gida na kashe mota, na zagaya na buɗe ƙofar gefe, sannan na tuna ba wanda zan sauke.

Na yarda ba da gangan ka yi ba. Ban dai gama fushi ba, kada ka tambaye ni yaushe.

Kayan suna bayan mota. Na share ɗakin na kulle. Makullin yana cikin ambulan ɗin nan, kai ka ba ta, ni ba zan iya ba.

Ka gaida Anti.
Auta